Ƙoramar Timiya a Tsakiyar Duwatsun Azbin

Daga Agadas zuwa Timiya wajen kilomita 220 ne, amma kada mutum ya auna wannan tafiya da ma'aunin kwalta. Hanya ce ta tsakuwa da rairayi, wani wurin ma cikin kwarin ƙorama ake bi, mota na tafe tana rangaji. Bayan sallar asuba muka bar Agadas a bayan wata tsohuwar Toyota mai ɗaukar kaya, ni da wani abokina ɗan can wanda cinikin albasa ya haɗa mu, da wasu mata biyu masu komawa gida daga asibiti, da buhunan gero da jarkokin fetur. Sai la'asar sakaliya muka hango kawunan dabinon garin.

Ni Bagobiri ne, haifaffen Tsibiri kusa da Maraɗi, kuma kowane Bagobiri da jin cewa kakanninsa daga Azbin suka gangaro ya tashi. Tsofaffi suna faɗa a tsakar gida, makaɗan fada suna faɗa, har a makaranta mun ji. Sai dai ƙalilan ne cikinmu suka taɓa taka Azbin ɗin. Iyakarmu Agadas: mu tsaya gaban hasumiyar masallaci a ɗauke mu hoto, mu sayi cuku tsaraba, mu juyo gida. Duwatsun kuwa suna can arewa da gari, sai hange.

Farkon hanyar da daɗi. Ana bin kwarin Telwa, ana wuce lambunan Dabaga, ga goruba ga dabino. Daga nan ƙasa ta fara ɗaure fuska. A Elmeki muka tsaya shan shayi, abokina ya nuna mini tsofaffin ramukan da aka haƙi kuza. Masana ƙasa sun ce duwatsun Azbin da na Munyo ta wajen Damagaram da na Jos duk dangi ne, jeri guda ne daga arewa zuwa kudu, na Azbin ne manyan yayye, shi ya sa kuzar da ta tara mutane a Jos ta ɓulla a nan ma. Can gabas kuma, in ƙura ta lafa, ana ganin inuwar Bagazam, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu wuri mai tsawonsa a Nijar kaf. Sunan da muke ji a kirarin dawakin sarakuna, ga shi dutse ne baƙi ƙirin, da mutane a kansa suna noman lambu.

Garin Timiya yana kwance ne a cikin kwari, duwatsu sun sa shi tsakiya. Yashin ƙoramar ya ratsa, fari fat, gefe da gefe kuma lambuna ne kore shar, ba su da faɗi, iyakar inda danshi ya kai nan suka tsaya. Taku kaɗan daga shingen lambu sai dutse tsirara. Lokacin sanyi muka je, garin kuma ya haura mita 1,000 bisa teku, don haka daren farko na san na zo wani wuri. Bargo biyu mai masaukinmu ya ba ni, ga rawanin da na saya a Agadas na naɗe kunnuwa da shi, duk da haka haƙorana suna haɗuwa.

Da hantsi aka kai ni wajen ruwan nan mai zubowa daga kan dutse, wanda aka san Timiya da shi. 'Yar tafiya ce daga gari, a ƙafa muka je, wani yaro ɗan mai masaukin yana gaba. Kafin ka gan shi za ka ji shi, domin wurin tsit yake, ban da kukan awaki daga nesa. Ruwan yana fitowa ne ta wata tsaga a saman dutse, ya zubo ta kan baƙin dutse mai santsi, irin wanda aman wuta ya bari tun zamanin da ba kowa, ya taru a wani gurbi a ƙasa. A lokacin nan siriri ne. Wanda ya taɓa ganin ruwan Gurara na Najeriya yana zubowa da damina zai iya yin dariya ya ce don wannan aka wuni ana jijjiga a mota? Ni ban yi dariya ba, saboda wunin nan ne ya koya wa idona darajarsa. Na tuɓe takalma na tsoma ƙafa, sanyin ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa. Na yi alwala a gurguje. Yaron kuwa tuni ya cire riga ya faɗa ciki, ya fito yana rawar ɗari yana dariya.

Mun zauna a kan wani falalen dutse har rana ta take. Wasu 'yan mata biyu suka gangaro da awaki, suka shayar da su a ƙasan gurbin, ba a inda mutane ke ɗiba ba, suka wuce ba su ko dube mu ba. A jikin dutsen akwai alamar inda ruwa ke kaiwa in ya cika, sama da tsayin mutum nesa ba kusa ba, da karmami da ƙirare da suka maƙale a tsaga tun daminar da ta wuce.

Wannan alama ita ce sirrin wurin. Ruwan sama a Azbin bai kai rabin namu na Maraɗi ba, tsakanin Yuli da Satumba yake zuwa, wata shekarar ma da ƙyar. Amma in ya sauka, a kan dutse yake sauka, dutse kuwa ba ya sha. Duk abin da ya zuba a kan tuddai masu faɗi sai ya gangaro ya haɗu a kwari ɗaya. Cikin sa'o'i kaɗan busasshiyar ƙorama ta zama kogi mai tafiya da raƙumi, wani lokaci hadarin ma ba a gan shi a gari ba, can sama ya zubar. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar Telwa ta watan Satumba na 2009 ba, wadda ta rushe unguwanni. Kwana ɗaya ko biyu ruwan ya wuce, amma ba duka ya tafi ba: yashin kwarin ya shanye rabonsa ya ɓoye, dutsen da ke ƙarƙashi ya tare shi. Shi ne rijiyoyin lambu ke ja duk shekara. Abin da muke gani yana zubowa a bakin dutse ɗan kaɗan ne daga abin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙafarmu.

Da yamma na shiga lambun mai masaukina. Lemon zaƙi ya nuna, rassa har sun sunkuya. Ga rumman, ga ɓaure, ga inabi da aka ɗora a kan rumfa, ga dabino a sama yana yi musu inuwa, a ƙasa kuma fangalin alkama da albasa da tafarnuwa da tumatir. Shi har yanzu da raƙumi yake ban ruwa. An kafa itace biyu a bakin rijiya da ƙwarƙwaro a sama, guga na fata ne babba mai dogon baki, igiya biyu ke riƙe da shi. Yaro ya ja raƙumi ya yi gaba, guga ya hau, bakinsa ya buɗe da kansa ya juye ruwa a kwararo, raƙumi ya juyo, guga ya koma. Takarkart suke ce masa. Uban yana can ƙasa da fartanya, yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan. Maƙwabcinsa kuwa inji ya sa, ƙararsa ta cika kwarin.

To a nan ne abin da ya fi tsaya mini a rai yake. Duk wannan ni'ima ba ta ciyar da garin. Abincin mutanen Timiya gero ne, kamar mu. Da safe fura ce, tasu irin, wadda ake daka gero da dabino da cuku a dama da ruwa, in ka sha kwano guda ka wuni ba ka nemi komai ba. Da dare tuwo da nonon akuya. Amma geron da zai riƙe gari ba ya fitowa daga fangalin da ake shayarwa da guga, ruwan sama kuma bai isa a yi shuka a tudu ba. Ruwan ƙoramar ya isa ya zaunar da mutane, bai isa ya ƙosar da su ba. Daga wannan giɓi aka samu ayari.

Wani dattijo ne ya zaunar da ni ya warware mini, tsohon madugu, idonsa ya fara rauni amma bayansa a miƙe. Muna gaisawa ya matso ya dubi zanen fuskata.

"Bagobiri ne? Daga ina?"

Na ce, "Daga Tsibiri, Baba."

"To ka zo gida. Ku kuka bar mana duwatsun, kuka tafi inda hatsi yake. Wa ya fi wani wayo?"

Hausarsa tsaf, har da karin harshen Katsina. Ya ce a gonakin Hausa ya koye ta tun yana yaro mai jan akala. Mutanen Timiya Kel Ewe ne, wani reshe na Azbinawa, kuma shekararsu kashi uku ce. Bayan damina, wajen Oktoba, raƙuma sun ƙoshi, sai a yanki ciyawa a ɗaura dami-dami, domin a hamadar Tenere babu abin da dabba za ta ci. A ɗauki gero da ɗan abin lambu a nufi gabas, Faci da Bilma. Tafiya ce ta tun hantsi har tsakar dare, ba a sauka, shayi ma a tafe ake dafa shi a miƙa wa na kan raƙumi. Madugu ne a gaba, da rana da taurari yake riƙe hanya. Ya ce a ƙuruciyarsa ya sha wucewa ta gindin itaciyar nan tilo ta Tenere, kafin wani direban babbar mota ya banke ta a 1973, aka kwashi gangar jikinta aka kai gidan tarihi na Yamai. A Bilma a ba Barebari gero, a karɓi kantun gishiri na dabbobi da beza na miya da dabino. Zuwa da dawowa wata guda ne da 'yan kwanaki. A ɗan huta a gida, sai kuma a yi kudu: Damargu, Tasawa, Damagaram, Maraɗi, har Katsina da Kano. A can ake cin rani, ana bin kasuwannin ƙauye ana sayar da gishiri, raƙuma na kiwo a gonakin da aka girbe. Gab da damina a juyo da gero na shekara, da turkuɗin Kura mai sheƙi wanda ba a cika ango ba sai da shi. Watannin damina kaɗai namiji ke kwana a ɗakinsa. Sauran shekara mata ke riƙe da gida da awaki da yara, su ne masu cukun nan da muke saye.

Ina jin wannan sai na tuna, ai na san su. Muna yara sukan sauka a gonar kakana bayan an kwashe kara, su jera kaya su yi ɗan shinge da shi, su hura wuta. Kakana murna yake yi saboda takin raƙuma, har yakan aika musu da fura. Mu kuwa tsoron su muke ji saboda rawanin da ya rufe fuska. Ban taɓa tambayar kaina ina suke komawa ba, ko wa ke jiran su.

Wannan hulɗa ba ta jiya ba ce. A rubutaccen tarihin sarakunan Kano an ce a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar Hausa. Baturen nan na Jamus, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zauna a Azbin a 1850 a hannun Kel Ewe, kuma ayarin gishirinsu ya biyo ya yi kudu har ya shiga Kano a farkon 1851. Ya lura tun a lokacin cewa Hausa ta zauna a bakinsu daram. Saboda haka in ka ji dattijon Timiya yana yi maka Hausa da karin magana, ba rediyo ce ta koya masa ba.

Maganar zamanmu a Azbin kuwa, a bakin Gobirawa da bakin Azbinawa duk akwai ta: Gobirawa na nan aka zo aka tarar, aka yi zama, aka yi rikici, suka yi ta matsawa kudu, Birnin Lalle, daga baya Alƙalawa, wadda ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, sannan Tsibiri da Sabon Birni. Na so in ga wani abu da zan taɓa da hannu, shi ya sa na matsa aka kai ni Asode, kufan da ke arewa da Timiya a kan hanyar Iferwan. A da shi ne babban birnin duwatsun, nan Anastafidat, shugaban Kel Ewe, yake zaune. Yau ba kowa. Katangun dutse ne a tsaye ba rufi, lunguna suna nan ana gane su, ga kufan babban masallaci, ƙasa kuma cike da fasassun tukwane. Na tsinci wani ɓallin tulu mai zane na jujjuya shi, direba ya ce in ajiye, ba a ɗaukar kayan wurin. Na ajiye. Babu abin da ke rubuce a jikinsa da zai ce na Bagobiri ne, kuma gaskiya ni ba na son irin tarihin nan da mutum zai ga dutse ya ce na kakansa ne. Abin da Asode ya nuna mini dabam ne: gari a Azbin yana rayuwa ne muddin ruwa da hanya suna tare da shi. Ciniki ya karkata, birnin ya yi ta zubewa tun kafin zuwan Turawa, yaƙi ya zo ya ƙarasa shi.

Yaƙin nan shi ne na Kawsan, jagoran Azbinawa da ya yi wa Faransawa bore. A watan Disamba na 1916 ya zo daga arewa da bindigogi da igwa da goyon bayan 'yan ɗariƙar Sanusiyya, Sarkin Azbin Tagama ya ba shi hannu, suka tsare sojan Faransa a barikinsu na Agadas har farkon Maris na 1917, lokacin da dakaru suka iso daga Damagaram. Ingilishi ma sun taimaka wa Faransawa daga Najeriya. Abin da ya biyo baya shi ne mutanen duwatsu ba su manta ba. An kashe malamai a Agadas, an kwashe raƙuma, an kori mutane daga ƙauyukan duwatsu aka tara su inda ido zai gan su, lambuna suka bushe. Kawsan an kashe shi a Murzuk ta ƙasar Libiya a 1919, Tagama ya mutu a kurkukun Damagaram a 1920. Da na ambaci sunan Kawsan gaban dattijon, bai yi kirari ba, bai kuma zage shi ba. Cewa ya yi kakarsa ta ba shi labarin yunwar da aka yi bayan yaƙin, ya ɗauki butar shayi ya ci gaba da tsiyayawa. A Yamai gwarzo ne, kuma ya cancanta. A kwarin da aka biya kuɗin yaƙin, maganar tana da nauyi iri biyu.

A kan wani tudu da ke leƙen garin akwai ɗan ganuwar soja da Faransawa suka gina a farkon shekarun 1950, ana kiran sa da sunan hafsansu Massu. Na hau da sassafe, ina haki. Ginin kansa ba wani abin kallo ba ne, amma wanda ya zaɓi wurin ya san aikinsa: daga nan babu rijiya ko lambu ko mashigar kwari da ba ka gani. Ƙasa da shekara goma bayan gina shi Nijar ta samu mulkin kai.

Abin da ya fi Turawa girgiza ayari fari ne. Na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun kashe raƙuma ba adadi, mutane da yawa da suka rasa dabbobi suka koma haƙa rijiya a bakin ƙorama, lambuna suka ƙaru, itatuwan marmari suka yawaita. Sai kuma masu yawon buɗe ido suka fara zuwa, jirage na sauka Agadas daga Faransa, maƙeran Timiya suna sayar da azurfa, samari suna jagora, gurbin ruwan nan ya shiga hotuna. Tawayen Azbinawa na 1990 zuwa 1995 ya katse wannan, aka farfaɗo, na 2007 wanda ya fara da harin Iferwan ya zo da nakiyoyi a hanya, daga nan baƙi suka ɗauke ƙafa. Da zinariya ta ɓulla a Jado, can arewa maso gabas, a 2014 samari suka yi can. Wasu sun dawo da mota da inji, wasu sun dawo da tari, wasu ba su dawo ba.

Injin nan shi ne abin gardama a majalisar dare. Mai masaukina ya ce raƙumi yana gajiya, in ya gaji dole ka bar rijiya ta huta ta tara, inji kuwa ba ya gajiya sai fetur ya ƙare, mai aiki da hasken rana ma ko wannan ba ruwansa. Ya ce rijiyarsa ya ƙara mata zurfi fiye da yadda ya gaje ta. Maƙwabcin ya amsa masa da cewa, "Yaya, da raƙumin za ka biya kuɗin makarantar yara?" Ni da nake sayen albasar Azbin buhu-buhu ina turawa kudu ban da bakin magana, domin kuɗin irina ne ke sa a ƙara fangali a ƙara inji. Amma na fi karkata ga mai raƙumi. Kwari ɗaya ne, ruwan da ke ƙarƙashinsa ɗaya ne, wanda ke sama in ya ja da yawa na ƙasa ne zai ji a gugansa, kuma ban ji an ce akwai wani mai raba musu ba in ban da kunya da zumunci.

Ayarin bai mutu ba, har yanzu akwai gidajen da ke zuwa Bilma da raƙuma, sai dai manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa na gishirin, kuma kudu ta yi wuyar sauka: gonaki ba sa hutawa, karan ma yanzu kuɗi ne, ga ɓarayin daji a iyakar Katsina da Maraɗi. Geron da muka zauna a kansa daga Agadas shi ne wanda a da raƙumi ke kawowa.

Ranar komowa motar lemo da rumman aka cika, an jera a kwali an sa ciyawa tsakani don kada jijjiga ta farfasa su. Duk da haka sai da aka ware na zubarwa a kasuwar Agadas, mai kayan yana tsaye yana kallo yana lissafin kuɗin mota. Wanda ke da niyyar zuwa, ya bari sai bayan damina in yana son ganin ruwa da ƙarfinsa, ko tsakiyar sanyi in lemo yake so, ya tambayi halin hanya a Agadas wajen direbobin da ke bin ta kullum kafin ya hau, kuma ya riƙo ganyen shayi da sukari na gaisuwa.